Gaisuwar Ɗan Ayu

Ranar wata Laraba ce, sati biyu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika tara, Baba ya dawo daga ruwa tun hantsi bai yi ba, kuma babu kifi ko ɗaya a jirginsa. Ina tsugune a bakin banda ina juya tarwaɗa, hayaƙi yana sa ni hawaye, sai na ga ya tsaya a kaina, wandonsa jiƙe har ƙugu, yana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Baba ba mai yawan magana ba ne. Hannu kawai ya miƙo mini, ya ce, "Dije, taso ki ga abin da Allah ya ajiye mana a Tabkin Bado." Na bar kifin nan a kan wuta na bi shi. Muka ratsa ta bayan rumbuna, muka bi gefen gonar shinkafar da aka riga aka yanke, ƙasa tana da sanyi da laushi a tafin ƙafa kamar ƙullun waina. Da muka isa ya ce in yi shiru. Ruwan tabkin yana kwance luf, furannin bado sun buɗe farare tas, ba abin da ke motsi sai wata balbela da ke taku a gefe. Na daɗe ina kallo ban ga komai ba. Can sai ruwan ya ɗan kumbura a tsakiya, ƙofofin hanci biyu suka ɓullo, suka buɗe, aka saki numfashi, fuuu, kamar tsoho ya sauke kaya, sannan suka rufe suka koma. Baba ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne, "Ɗan ayu ne."

Tungarmu ƙarama ce, a bakin Kwara, can ƙasa da Yawuri. Masunta ne mu gaba da baya. Yaro yakan iya iyo kafin ya iya ɗaura wando, kuma duk kifin da ke ruwan nan mun san shi da sunansa, daga ƙarfasa har giwan ruwa. Amma ayu daban ne. Ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake kwana yake tashi. Iska yake shaƙa kamar mu, ciyawa yake ci kamar saniya, macen kuma haihuwa take yi ta shayar. Yana da kunya ƙwarai, akwai tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu a kan ruwa ba su ga fiye da gadon bayansa ba. Mu yara a tatsuniya muka san shi, sai kuma a bangon ɗakin Baba, inda zagon kakanmu yake rataye, wato dogon mashin nan mai igiya da ake jifan ayu da shi. In an sami ayu, tunga duka sai ta ci nama, mansa kuwa har daga nesa ake zuwa nema. 'Ya'yana da aka haifa a nan Greensboro ta Amurka sun san shi a littafin makaranta, da hotonsa mai launi da sunansa na Turanci. Ni kuwa warinsa na fara sani, warin laka da ɗanyar ciyawa.

Tabkin Bado ba shi da nisa da kogi. Wani siririn mashigi ne ya haɗa su, wanda in ruwa ya cika jirgi yake wucewa ta cikinsa, in ruwa ya fara janyewa kuma sai ya yi ta tsukewa har ya zama hanyar awaki. A lokacin ruwa ya soma ja da baya. Baba ya ce wataƙila uwar ce ta shigo da ɗan cin ciyawa, da ta ji ruwa na raguwa ta fice, shi ya makara, ko kuma wani ya riga ya jefe ta a wani wuri. Bai tsaya dogon tunani ba. Kafin ya zo kirana har ya kafa turaku a bakin mashigin, ya saƙa su da zana da igiyar rama, ya rufe hanya ruf. Aikina shi ne abinci. Kullum in mun taso daga makarantar allo, in na ɗebo wa Inna ruwa na share tsakar gida, sai in ɗauki lauje in tafi yankan burugu, ciyawar nan mai zaƙi da ke fitowa a bakin ruwa, in haɗa da kainuwa, in ɗora a ka, ruwa yana zuba a wuyana har tabki. Ƙawayena suna can ƙarƙashin kanya suna carafke da 'yar tsana, su kira ni in ce ba ni da lokaci. Sai in zuba ciyawar a ruwa in zauna. Yakan zo ya ɗan taɓa ta da leɓe, ya tauna kaɗan, ya sake. Nakan ce a raina ai baƙunta ce, zai saba.

Ranar Juma'a na gano yadda ake kiransa. Na je da ƙwaryar da nake ɗiban ruwa, zaman ya ishe ni, sai na shiga tabkin na kife ta a kan ruwa ina bugawa da yatsu, yadda mata suke kiɗan ƙwarya ranar suna. Dum, dum, dudum. Sautin yana shiga ruwa yana dawowa ta ƙafafuna. Ban ankara ba sai na ji abu mai laushi ya gogi gwiwata. Ga shi nan a gabana, ruwa iya ƙuguna. Tsawonsa bai wuce nawa ba, amma ya fi ni kauri sau nawa. Fatarsa toka-toka ce, mai sanyi, fuskarsa da gashin baki tsinka-tsinka kamar ta wani dattijo, idanu ƙanana kamar irin kuɓewa, wutsiya kuwa faifai sak. A hannayensa har da farce, 'yan ƙanana, na taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ban ji tsoro ba, ban san me ya sa ba. Ya zagaya ni sannu a hankali, sannan ya ɗago kai ya cusa bakinsa a ƙarƙashin hammatata, yana turawa, yana motsa leɓe, gashin bakin yana yi mini cakulkuli. Na yi ta dariya har na kusa faɗuwa. Da na ɗaga ɗaya hannun sai ya zagayo ya yi haka a can ma. Na ruga gida ina ihu, "Baba, yana gaishe ni! Wallahi yana gaishe ni!"

Washegari Asabar, ranar kasuwar garin da ke kusa da mu, labarin ya bazu, kuma gani ya kori ji. Mutane suka yi ta gangarowa, a jirgi, a jaki, a ƙafa, 'yan mata da tallarsu a ka, Fulani da sandunansu a wuya, tsofaffi ana riƙe da hannunsu. Bakin tabkin nan da ba kowa sai balbela ya koma kamar filin idi. Inna ta ba ni zanen Sallata na ɗaura, ta sa mini kwalli. Baba yana tsaye yana cewa a matsa baya, a daina jifa da kara. Ni kuwa sai in shiga ruwa da ƙwaryata, in jira sai an yi tsit, in fara kiɗa. In ya ɓullo sai ka ji salati ya tashi. In na ɗaga hannu ya cusa kai, wuri ya kaure da shewa. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan ya fi 'ya'yan yanzu ladabi!" Wani saurayi ya ce, "A ɗaura musu aure mana, ga ango har da gemu!" Aka kwashe da dariya. Ana ajiye mana goro da dabino da 'yan kwabbai a kan tabarma. Kafin la'asar ba wanda ke kiran Baba da sunansa, sai Mai Ayu. Mutumin da in ana taro a ƙofar Sarkin Ruwa can baya yake zama, yau shi ake ba hannu biyu. Ni ma na zama Dije mai Ayu, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a ranar har yau ban sake jin irinsa ba. Ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A cikin taron akwai wani Alhaji daga birni, mai farar riga da tabarau, wanda aka ce yana da lambun shaƙatawa inda ya tara dawisu da jimina da kada, mutane suna shiga kallo. Ya ja Baba gefe suka daɗe. Da yamma muka ji abin da aka yi. Zai gina kwatami na siminti, Asabar mai zuwa zai aiko da babbar mota a ɗauki ayun, shi kuma zai ba Baba injin jirgi. Sai wanda ya san masunci zai san mene ne inji a wurinsa. Baba tun yana yaro yake tuƙi da filafili, kafaɗarsa ta dama har ta fi ta hagu tudu, kullum yana kallon masu inji suna wuce shi zuwa inda manyan kifaye suke. A daren nan ya ci tuwo ya ƙara, har yana yi wa Habu wasa, ƙanena da ke goye a lokacin. Alhajin ya ce ma in ana so ni ma a riƙa kai ni ranakun Sallah ina yi masa kiɗan. Na kwanta ina ganin kaina a birni, cikin zane mai ƙyalli, ruwa shuɗi kamar na bula, mutane ba iyaka.

Inna ba ta je kallon ba, don ba ta shiga taron maza. Sai ranar Laraba, kwana bakwai cif, da rana tsaka ba kowa, ta goya Habu ta ce, "Ke, mu je in ga wannan surukin nawa." Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, "ke" ce sunana a bakinta. Na yi gaba ina tsalle. Na shiga ruwa, na kife ƙwarya, na yi kiɗan da ya fi na kullum daɗi. Ya daɗe bai zo ba, da ya zo kuma a hankali ya zo, kamar mai jin barci. Na ɗaga hannu, ya cusa kai, na waiwaya ina jiran dariyarta. Ba ta yi dariya ba. Ta tattare zane ta shigo ruwan har gwiwa, ta sunkuya, ta daɗe tana kallon yadda leɓensa ke motsi. Ta shafa gefen cikinsa, inda fatar ta fara tattarewa kamar rigar aro. Sannan ta miƙe ta ce, a hankali, yadda take duk maganarta, "Ba gaishe ki yake ba. Nono yake nema." Ashe nonon ayu a ƙarƙashin hammata yake. Kakarta ta taɓa gaya mata. Tun ranar Juma'a ɗan nan yana neman uwarsa a jikina, ni ina dariya, gari guda yana tafi. Na tsaya a ruwan hannuna a sama, na rasa yadda zan sauke shi.

Inna ta yi iya ƙoƙarinta. Washegari ta karɓo madara a rugar da ke bayanmu, ta ɗumama, ta zuba a ɗan gora, ta ɗaure bakinsa da tsumma mai tsabta. Na maƙale goran a hammatata na shiga. Ya kama, ya tsotsa sau biyu ko uku, ya saki, madarar ta bazu a ruwa fari fat kamar gajimare, ƙananan kifaye suka taru a kanta. Muka gwada ta akuya, muka gwada koko mai ruwa-ruwa. Abin da ya shiga cikinsa bai cika ludayi ba. Da Inna ta yi wa Baba maganar, sai ya ce, "To ya za a yi? Uwar ba ta nan. In na buɗe masa hanya shi kaɗai, kada ne zai ci. Gara can birni, suna da likitan dabbobi." Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, abin da ya sani ke nan. Inna ta ce, "Allah ya sa ya kai Asabar," ta ci gaba da tankaɗe.

Amma akwai abin da na sani wanda ban gaya wa kowa ba. Tun safiyar da na fara kai ciyawa, na lura burugun da ke bayan shingen, ta wajen kogi, an cinye shi an bar guntaye, kamar an bi da almakashi. Kuma in na nutsa kaina a tabkin, nakan ji ɗan yana wani ɗan kuka siriri, tsiii, tsiii, kamar ɗan tsako a cikin tukunya. In na daure ban ɗago ba, sai in ji an amsa daga can nesa, da murya irin tasa amma mai kauri. Sau biyu da sassafe, lokacin da tururi ke tashi a kan kogi, na ga manyan ƙofofin hanci sun ɓullo daidai bakin mashigin. Uwar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Da farko na yi shiru ne don kada a raba ni da abin wasana da sabon sunana. Daga baya kuma, da na so faɗa, sai in ɗaga kai in ga zagon nan a bango. Idan na faɗa, Baba zai jefe ta, a yi rabon nama, ɗan kuma a sa shi a mota. Idan ban faɗa ba, yunwa za ta kashe shi a gabana. Shekarata tara, ina ta juya wannan magana a ciki, karatun allo ya ƙi zama, har malam ya tambaya ko zazzaɓi nake.

Ranar Juma'a bayan magariba, muna zaune a tsakar gida, Baba yana gyaran koma a hasken aci-bal-bal, na je na durƙusa a gabansa. Ban san ta inda na fara ba, kuka ya riga magana fitowa. Na faɗi komai, ciyawar da kukan da hancin, na ƙare da cewa don Allah kada ya kashe ta. Ya ajiye komar. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun ranar farko. Na rufe ido ina jiran mari, mari bai zo ba. Inna ce ta yi magana daga bakin murhu, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, a gidan nan ba mu taɓa yaye ɗa da ƙarfi ba." Ya tashi ya shiga ɗaki, tuwonsa yana nan a rufe.

Da aka idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na ga ya fito da zagon a hannu. Ya ce wa Inna ta ɗauko tsohuwar tabarma, ni kuma in ɗauko ƙwarya. Muka bi shi a baya, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. A bakin shingen ya tsaya, zagon a kafaɗa, yana kallon kogi. Ruwan ya yi ja-ja da hasken safiya, tururi yana yawo a kansa kamar auduga. Ba a jima ba ta ɓullo, kusa ƙwarai, inda ko ni zan iya jifa in samu. Na ga bayanta, faɗinsa kamar jirgi a kife. Na riƙe zanen Inna. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kakanki ya yi suna da wannan zago, amma bai taɓa jifan mai goyo ba. Ba a yi. Da kin tambaya da kin sani." Ashe doka ce ta masu farautar ruwa, wadda yara mata ba a koya musu. Ya juya zagon, ya zura gindinsa a ƙarƙashin turke na farko, ya danna, turken ya tumɓuke. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai mashigin ya riga ya tsuke, ruwansa bai wuce idon sawu ba. Na yi kiɗan ƙwarya na ƙarshe, ɗan ya zo da ƙyar. Baba ya rungume shi ya mirgina shi a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, shi ya kama gaba, Inna ta kama baya da Habu a bayanta, suna ja cikin laka, suna tsayawa suna haki, ni ina bin su ina kwara masa ruwa kada fatarsa ta bushe. Tafiyar ba ta fi daga ƙofar gida zuwa rijiya ba, amma ji na yi kamar mun yini. Idonsa ɗaya yana kallon sama, bai taɓa ganin sama da faɗi haka ba, ina tsammani. Da ruwa ya kai wa Baba ƙirji sai ya saki tabarmar. Ɗan ya tsaya a saman ruwa bai motsa ba, kamar gungumen da kogi ya ɗauko. Na ce shi ke nan, mun makara. Sai ga wata babbar inuwa ta taho ta ƙarƙashinsa, ruwan ya kumbura, na ga ya ɗago kamar an tallabe shi, ya ja numfashi. Suka juya tare, a hankali, a hankali, suka nufi tsakiyar kogi inda tururi ya fi kauri. Na ga ƙofofin hanci huɗu sau ɗaya, can nesa. Daga nan ban sake ganin komai ba sai ruwa.

Motar Alhaji ta iso da hantsi, da tankin ƙarfe a bayanta, ga 'yan kallo sun fi na wancan satin. Baba ya tsaya a gabansu da lakarsa a jiki ya ce ayu ya koma gida. Direban ya yi ta faɗa, ya ce an sa sun ƙona mai a banza. Mutane suka watse suna tsaki, wasu suna cewa asiri aka yi masa, wasu suna cewa dama talaka ba ya son arziki. Sunan Mai Ayu bai bar shi ba, amma ya koma na zolaya. In ya wuce sai ka ji matasa suna cewa, "Mai Ayu, ina injin?" Shi kuwa sai ya ɗaga musu filafili ya ce, "Ga shi nan, ba ya shan mai." Da wannan filafilin ya yi ta tuƙi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gorin kwanakin da na ɓoye magana ba. Ni ce nake yi wa kaina.

Yanzu ina zaune a McLeansville, inda gidaje suke nesa da juna kuma ba a zuwa ko'ina sai a mota. Kullum da safe nakan tuƙa zuwa cikin Greensboro, inda nake aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi. Teku yana da nisa da mu. Bara da hutun bazara, autata Nafisa ta dame mu sai an kai ta ganin wasan dolfin, waɗannan dabbobin teku masu tsalle da take gani a waya. Babansu ya ɗauki hutu, muka yi tafiyar yini guda zuwa kudu. Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, ruwa garai-garai, kujeru hawa-hawa, kiɗa yana tashi. Wata budurwa mai fara'a ta tsaya a bakin kwatamin da usur a baki da bokitin kifi a gefenta. Dabbobin suna tsalle, suna juyi, suna dawowa wurinta baki buɗe, ɗaya har ya ɗora bakinsa a kumatunta, jama'a suka ɗauki tafi. Nafisa tana jijjiga ni tana cewa da Turanci, "Mama, duba, yana son ta!" Ni ba dabbobin nake kallo ba, budurwar nake kallo. An ce ana ciyar da su sosai, suna da likitoci, wasunsu ma a nan aka haife su, ba su san teku ba. Ban musa ba, ni ba mai ilimin abin ba ce. Kuma na tabbata budurwar nan tana son su har zuciyarta, na gani a hannunta in tana shafa su. Abin da ya hana ni tafi ke nan, don ni ma ina son nawa.

Bana da Nafisa ta sake tayar da maganar, ina yi mata kitso a falo, kanta a kan cinyata, sai na ba ta wannan labari tun daga farko. Da na gama ta ce, da 'yar Hausarta mai tuntuɓe, "To Mama, ya rayu?" Na ce mata ban sani ba, kwana goma ba nono ba wasa ba ne ga jariri, kuma kogi ba ya aiko da labari. Ta ce a wancan wurin ai da an sani, kowanne da sunansa, ana auna shi, ana rubutawa. Na ce gaskiyarki. A can tungarmu ba mu da ma'auni, ba mu da likita, mun saki ɗan ne a kan jahilci da fatan alheri, kuma na fi shekara arba'in ina ɗauke da rashin sanin nan. Wani lokaci nakan ga ya girma ya yi faɗi, yana kiwo a wata fadama da ba wanda ya san hanyarta, wani lokaci kuma nakan ga bai kai la'asar ba. Ba ta sake cewa a je ba, ni ma ban ce kada a je ba, na dai ci gaba da kitsona. Ko ya rayu ko bai rayu ba, a hammatar uwarsa ya ƙarasa, ba a tawa ba.